Karfasan Malam Ilu

Kun wuce ta wurin sau nawa? Kun toshe hanci, kun kawar da kai, kun ƙara wa babur wuta. Ko sau ɗaya ba ku taɓa tambayar inda ruwan kwatarku yake zuwa ba. To, ku saurara.

An taɓa yin wani bawan Allah a wani ƙaramin gari, ana ce masa Malam Ilu. Aikinsa tsaron tafkunan tace ƙazantar gari. Ruwan wanki, ruwan bayan gida, ruwan mahauta, duk can suke taruwa. A tafki na farko dauɗa ta kwanta, a na biyu rana da iska su ci warin, a na uku ruwa ya washe, sannan a juya ƙarfen ƙofa a sake shi kogi. Mutanen gari Sarkin Wari suke kiransa. In ya miƙa hannu a masallaci, da bakin yatsu ake karɓa.

Shi kuwa yana da wata ɗabi'a. Ya zuba karfasa a tafki na uku, kullum da safe su yake fara gaisarwa. In suna wasa a ƙasa, ya buɗe ƙofa. In sun taso sama suna haki, ba ya buɗewa.

Ana saura kwana biyar sallah, marina suka kwararo ruwan baba a kwata babu lissafi. Tafkuna suka yi baƙi, wari ya tashi, karfasa suka taso suna buɗe baki. Ranar kuma wani babba zai zo duba wurin daga birni.

Shugaban ma'aikatar, Alhaji Bawale, ya iso da hankici a hanci. "Ilu, buɗe ƙofar nan ruwan ya tafi kafin baƙo ya zo."

"Ranka ya daɗe, sun ce a'a."

"Su wa?"

Ilu ya nuna kifin.

"Kai! Ni ne oganka ko karfasa?"

"Kai ne, Alhaji. Amma su ne a cikin ruwan. Kuma mutanen gangare bayan sallah za su yi su, kamun kifinsu na shekara."

"To in baƙo ya ji warin nan, ka nemi wani aikin."

Ku ji fa! Mutum mai iyali, ba gona, ba shago. Ilu ya hau kan ƙarfen ƙofar ya zauna, ya tanƙwashe ƙafa. Baƙo ya zo ya same shi a haka, ya tambayi dalili, Ilu ya nuna masa karfasa. Mutumin ya yi dariya har hawaye, ya ce, "Alhaji, wannan ma'aikacin kada ka yarda a sace maka shi."

Kwana shida Ilu yana karkatar da baƙin ruwan zuwa tafkin ajiya, yana kaɗa sauran da gora. Ran na bakwai kifi suka koma ƙasa suna guje-guje. Ya juya ƙarfe yana murmushi.

Labari ya gangara da kogi. Bayan an gama kamun kifin, sai ga Sarkin Ruwan gangare da makaɗa, an ɗauko giwan ruwa mutum biyu na riƙe da shi. Ya kama hannun nan da ake ƙyama, ya riƙe da hannu biyu a gaban kowa. "Ina Sarkin Warin? Mu a wurinmu kai ne mai kogi!" Har Alhaji Bawale sai da ya taka rawa, kuma shi ya tafi da kan kifin.

Jama'a, amana ita ce ka tsare mutanen da ba su san sunanka ba, a wurin da ba mai son tsayawa. Abin da ka zuba a kwata yau, wani ne zai yi alwala da shi jibi. Saboda haka daga yau kada wanda ya sake juye baƙin mai, ko ruwan rini, ko leda a lambatu. Kuma gobe da safe ka je wurin tafkunan garinku, ka tambayi sunan mai tsaronsu, ka ba shi hannu gaba ɗaya.