Rigar da ta yi ƙarya

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani mutum mai shara a kamfanin wutar lantarki. Sana'arsa halal ce, amma kunyarta yake ji. Sai ya sato riga mai ƙyalli da hular kwano irin ta masu hawa turken wuta. Kullum da su yake fita, in ya kusa ƙofar kamfani ya tuɓe, ya cusa a jaka, ya ɗauki tsintsiya.

Unguwa ta raɗa masa Injiniya. Tsohonsa kuwa baki har kunne, kowa ya gani sai ya nuna masa ɗansa.

Matarsa kaɗai ta san gaskiya. Ta ce, "Maigida, ka ji tsoron Allah, ƙarya ce fa wannan."

Ya ce, "Kin taɓa jin na ce ni injiniya ne? Riga kawai na sa."

To wa ya ce muku riga ba ta magana?

Wata safiya bayan ruwan sama, wayar wuta ta tsinke ta faɗo tsakiyar layinsu. Jama'a suka ja baya. Wani maƙwabci ya ciro waya zai kira kamfani, sai ga mutumin ya fito cikin rigarsa. Maƙwabci ya mayar da waya aljihu, ya ce, "Shi ke nan, ga masu abin sun iso."

Tsohon ya matso ya ce, "Ɗana, kun kashe wutar ko?"

Idon unguwa duk yana kansa. "Ban sani ba, Baba," ita ce kaɗai ta rage masa ya faɗa, amma girman kai ya riƙe masa harshe. Sai kawai ya gyara zaman hularsa.

Tsoho ya sunkuya don ya kawar wa mutane da wayar daga hanya.

Innalillahi! A gabansa, 'yan uwa, a gaban idonsa! Wuta ta ja tsoho, ko shurawa bai yi ba.

An kori ɗan daga aiki, ya ƙona rigar da hannunsa, amma sunan ya ƙi fita. Har yau in wani ya manta ya ce "Injiniya," sai ya toshe kunnuwa ya fashe da kuka.

Ku ji da kyau: tufarka shaida ce kake bayarwa a kanka, kuma mutane suna ɗora rayukansu a kanta. Ƙaryar da bakinka ya ƙi faɗa, in rigarka ta faɗa, taka ce.

Allah ya suturta mu da gaskiya, ya kiyaye mu.