Furen da Ake Kira Sai Hakimi

Wai wani hakimi ya ji haushin talakawa suna shaƙar ƙamshin furen lallensa ta bayan katanga. Ya kira Yalwa mai haɗa turare.

"Kawo mini furen da ni kaɗai zan ji ƙamshinsa, ko ki bar garin nan."

Kashegari Yalwa ta tsinko furen kuɓewa, wanda ba ya ƙamshin komai.

"Ranka ya daɗe, sunansa Sai Hakimi. Dogarai su fara shinshinawa."

Suka shinshina. "Ba mu ji komai ba."

"Hancin talaka ke nan," in ji Yalwa. "Saura naka."

Hakimi ya shaƙa, ya dubi dogarai, ya sake shaƙa.

"Kai! Har ƙwaƙwalwa!"

A shekarar ba a sha miyar kuɓewa a garin ba. Furen duk ya ƙare a rawanin hakimi.