Dattijon da Ya Zauna Shari'ar 'Yarsa

An yi wani mutum a Garoua, a unguwar Poumpoumré, kafinta ne kuma dattijon ikilisiya. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana raye.

Allah ya ba shi 'ya'ya biyu na kirki, Albertine da Luc. Albertine na koyar da yara ranar Lahadi, tana kuma cikin mawaƙa. Luc ke karanta nassi a gaban jama'a. A makaranta kuwa ba a kai su ƙoƙari. Wane uba ne ba zai ji daɗi ba?

Da fari godiya yake yi wa Allah. A hankali godiyar ta rikiɗe ta zama fahariya. Duk ƙarshen zango, in an ba da lokacin shaida, sai ya miƙe da takardun sakamakon yaran, yana karanto maki ɗaya bayan ɗaya: sha bakwai bisa ashirin, sha takwas bisa ashirin. Iyayen da 'ya'yansu suka faɗi sai sunkuyar da kai.

Shekarar da Albertine za ta rubuta bak, jarrabawar gama sakandare, ya tashi ya yi shela cewa 'yarsa ce za ta zo ta ɗaya a duk yankin Arewa. Har ya sa aka ware masa Lahadin godiya, alhali ba a ko shiga jarrabawar ba.

Yarinya ta ce, "Baba, da yardar Allah zan ci. Amma zama ta ɗaya ba a hannuna yake ba."

Ya 'yan uwa, wannan amsa ba ta ishi uba ba? Shi dai ba ta ishe shi ba.

Ya nemi masu sayar da tambayoyin sata ta waya, ya saya, ya kwafe amsoshin da hannunsa a 'yar takarda. Ya miƙa mata, ta ƙi karɓa, har da hawaye. Safiyar jarrabawa tana wanka, sai ya cusa takardar cikin jakar alƙalumanta.

A ɗakin jarrabawa ta zuge jaka, takarda ta faɗo a gaban mai sa ido. Nan take aka fitar da ita. Aka soke jarrabawarta, aka hana ta sake rubutawa har shekara uku. Aka yi ta tambayarta wa ya ba ta. Ta gane rubutun, amma ta ƙi tona ubanta.

Yanzu ku ji abin da ya fi muni. Dattawan ikilisiya suka zauna kan maganar, uban ma ya zauna cikinsu. Shi ya fara cewa a sa ta ƙarƙashin horo! Ranar Lahadi kuma, shi ya karɓi sanarwar ya karanta da bakinsa: an cire Albertine daga mawaƙa, an raba ta da ajin yara, za ta koma bencin baya.

"Ko 'yar cikina ce," in ji shi, "ba na goyon ƙarya."

Kai, jama'a! Yarinya ta tashi ta nufi bencin baya.

Sai ga uwarta, Anne, matar da ba a taɓa jin muryarta a taro ba, ta miƙe daga ɓangaren mata.

"Ku yi mini gafara, iyayena. An nuna mini takardar nan a makaranta. Rubutun mijina ne."

Kowa ya juya ya dubi mijin. Ya sunkuyar da kai.

Ran nan aka tuɓe shi daga dattijantaka. Magana ta kai ga hukuma, jandarmomi suka zo har shago suka tafi da shi. Luc ya kasa jure gorin abokai, ya daina zuwa makaranta. Albertine ta koma wurin innarta a Yagoua, tana aikin gonar shinkafa, kuma tun ranar ba ta sake taka ƙofar majami'a ba.

Da aka saki uban, ya bi ta har can. Ta fito, ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta durƙusa ta gaishe shi da sunan da ake kiran baƙo da Faransanci, ta ce, "Sannu da zuwa, Misye." Ya kwana biyu a gidan, bai ji ta ce Baba ko sau ɗaya ba.

Ya 'yan uwa, girman kai rawanin tsiya ne. Mutumin nan ba ya sha, ba ya neman mata, ba ya fashin sujada. Zunubinsa shi ne ya fi son a yaba masa a kan 'yarsa fiye da yadda yake son 'yar. Ku yi murna da ƙoƙarin 'ya'yanku, ku gode wa Wanda ya ba ku su. Amma in yaro ya yi iyakar ƙoƙarinsa ka ce bai isa ba, tambayi kanka: don wa kake neman sauran?

Allah ya kiyaye mu, ya kuma kiyaye 'ya'yanmu daga fahariyarmu. Amin.