Sarki Jatau da Tafkin da Ya Janye

A can zamanin da ya shuɗe, an yi wani birni a bakin wani tafki mai faɗin gaske, wanda ko daga kan ganuwa ba a hango ƙarshensa. Wata aljana ce ke riƙe da tafkin, kuma tun kaka da kakanni akwai alkawari tsakaninta da sarakunan birnin: ruwa zai zauna muddin sarki bai zubar da jinin marar laifi ba.

Sarki Jatau ya hau gadon sarauta yana saurayi, mai kyauta, mai saurin fushi. A farkon mulkinsa Galadima Rabo ya rantse a gabansa cewa ƙanen sarki, Ciroma Tanimu, yana shirin tuɓe shi. Sarki bai tsaya bincike ba, ya sa aka sare kan ƙanen nasa. Tun daga nan tafki ya fara janyewa, kowace shekara kaɗan, har sarki ya yi furfura, gonakin alkama suka ƙone, kwalekwale suka kwanta a kan busasshiyar laka.

Rannan sarki ya kira Waziri Barmo, abokinsa tun suna yara, ya ce, "Waziri, na yi sadaka, na tara malamai, ban ga komai ba. Tafi ka tambayi mai tafkin abin da take so."

Waziri ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, an gama."

Ya bi ta cikin tafkin a ƙasa, yana taka ƙasusuwan kifi, har ya isa ga ɗan kududdufin da ya rage. Ya yi sallama, aljanar ta fito, tsohuwa ramammiya, gansakuka ta bushe a gashinta.

Ta ce, "Ciroma bai ci amanar kowa ba. Ƙarya aka yi masa."

Waziri ya ce, "Uwar ruwa, in mun hukunta maƙaryacin, ruwan zai dawo?"

Ta ce, "Dube ni da kyau, Waziri. Mutuwa nake yi. Ba abin da zai dawo."

Waziri ya juyo gida. Ya san Galadima na da jama'a, kuma maganar aljana ba shaida ba ce a fada. Sai ya ɓoye mugun labarin, ya yi dabara. Ya ce wa sarki wai mai tafkin ta nemi duk wanda ya ba da shaida a kan Ciroma ya shiga kududdufin: mai gaskiya zai fito, maƙaryaci kuwa ruwa zai riƙe shi.

Aka ɗunguma, sarki da fadawa da talakawa. Galadima ya tuɓe takalmi, ya matso bakin ruwa, sai ya kasa shiga. Ya zube yana cewa, "Tuba nake, ranka ya daɗe! Ciroma ya kama ni ina ƙwace hatsin talakawa, shi ya sa na riga shi zuwa gabanka."

Sarki ya ce, "Na gaji da jini. A warware rawaninsa, a raba rumbunansa ga waɗanda ya zalunta, a kore shi daga ƙasata."

Jama'a suka zuba wa kududdufin ido suna jira. Ko motsi bai yi ba. Waziri ya matso, ya faɗa wa sarki abin da aljanar ta ce.

Sarki ya dube shi ya ce, "Ashe ka sani tun farko."

"Na sani, ranka ya daɗe. Amma Ciroma na da hakkin a wanke sunansa."

Da suka koma fada, sarki ya kira Yarima Kure, ɗan Ciroma, wanda ya riga ya zama magidanci, ya naɗa masa rawanin sarauta da hannunsa. Ya umarce shi ya ja jama'a su yi kudu, inda ake jin labarin koguna. Waziri ya roƙi Jatau ya bi su, har da hawaye.

Jatau ya ce, "Barmo, je ka riƙe masa fada. Ni na kashe garin nan, ni zan zauna masa makoki."

Ayari ya tashi da hantsi, mata da tukwane a ka, tsofaffi a kan jakuna. Da suka yi nisa Waziri ya waiwaya, ya hango Jatau zaune a ƙofar birni shi kaɗai cikin rana, ba mai riƙe masa laima. Bai sake waiwayawa ba. Nan hikayar ta tsaya.