Yadda Murjanatu Ta Tsallake Juji

Dalilin da ya sa ake raɗa wa 'ya mace suna Murjanatu, to ku matso ku ji, ku daina tsokanar juna.

A da can, ba a yi wa yaro suna da abu mai daraja. Mutane na tsoron mutuwa ta ji ta yi kwaɗayi. Idan mace tana wabi, wato 'ya'yanta na mutuwa tun suna goye, sai ranar suna a kai jaririn kan juji a kwantar, kowa ya juya baya kamar ba a so, can wata tsohuwa ta ɗauko shi. Sai a kira shi Ajuji ko Ayashe. Wai a ruɗi mutuwa ke nan, sai ka ce ita yarinya ce.

To akwai wata mata, Tabawa, sana'arta shirya murjani. Shi murjani ja ne wur, daga teku fatake ke kawo shi. Tabawa ta haihu ta binne, ta sake haihuwa ta binne, kuma duk an kai su juji. Da ta sami 'ya mace, ranar suna da safe surukarta Iya Dudu ta shigo ɗaki ta miƙa hannu.

"Kawo ta, 'yar nan, a kai ta juji."

Tabawa ta sunkuyar da kai, ta ƙanƙame 'yarta. Ta ce, "Inna, ki yi haƙuri. Ni a sana'ata ba a ajiye murjani a ƙasa, ko ƙwaya ɗaya. Wannan ma ba za ta taɓa ƙasa ba."

"La ilaha! Ke za ki koya mini al'ada? In ta mutu fa?"

"Waɗancan an kai su, Inna. Suna ina?"

Iya Dudu tana da faɗa, amma ita ma ta yi kukan jikokin nan. Can ta ce, "To ba ni zanen goyonta. In jiki bai je ba, ƙamshi ya je."

Ta naɗe zanen kamar jariri, ta kai kan juji ta kwantar, ta juya baya. Ba ta yi nisa ba mata suka kwarma ihu. Kububuwa ce ta fito daga ƙarƙashin shara, ta ji ɗumin zane, ta kai masa sara.

Iya Dudu ta koma gida. Ta shiga ɗakin, ta karɓi jaririyar, ta duba hannu ta duba ƙafa, tana kuka tana dariya, yarinya kuwa barcinta take yi.

"Alhamdu lillahi! Da da hannuna zan miƙa ki! Ku gaya wa liman, murjani ce wannan. Murjanatu!"

Murjanatu ta rayu, har ta ga jikokinta. Mata suka ga mutuwa ba ta yi kwaɗayin sunan ba, sai kowa ya shiga ɗauka.

Shi ya sa har yau in kun ji an kira Murja, to ana gaya wa duniya ne cewa wannan 'yar ana son ta, kuma ba a ɓoye ba.