Maginin da Ya Tara Tubala a Ɗakinsa

A wani gari an yi wani magini, gwanin curin tubali, wanda Allah ya hore wa hannu mai kyau da ciki mai son baƙi. Ba a taɓa ɗauke kwano daga gabansa da saura ba. Shekara na bin shekara jiki ya yi masa nauyi, har ya zama in ya hau tsani sai numfashi ya gagare shi. Da ya je asibiti, likita bai ɓoye masa ba. Ya ce zuciyarsa ta gaji da wannan kaya, in bai rage ba wata rana za ta tsaya.

Mutumin ya tsorata ƙwarai. Ya koma cin malmalar tuwo ɗaya, ya rage mai, kullum yana taka ƙafa zuwa rafi ya dawo. Ya yi sati uku a haka. Sai aka yi bikin godiyar girbi a majami'a, ga shinkafa, ga naman akuya, ga waina da kunun zaƙi. Ya ce ɗanɗanawa kawai zai yi. To, ku ma kun san inda ɗanɗanawa take kai mutum. Da ƙyar ya kai kansa gida.

Washegari kunya ta rufe shi. Ya kwaɓa ƙasa, ya curi tubali guda, ya ajiye a bayan ƙofar ɗakinsa. Ya ce duk ranar da ya sake yin haka zai ƙara ɗaya, domin ya riƙa ganin laifinsa da idonsa. Kwanakin da ya yi daidai kuwa bai yi musu alamar kome ba.

Bai tsaya nan ba. In ya ci ya wuce kima, sai ya hori kansa da yinin yunwa. Kafin la'asar yunwa ta ci ƙarfinsa, sai ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, ya ci abin mutum uku. Da safe kuma ya kwaɓa ƙasa.

Wata rana da tsakar rana yana kishingiɗe da kwanon abinci a gefensa, ya dubi bayan ƙofa. Tarin tubalan ya yi kama da mutum a zaune, da kai, da kafaɗu, da tumbi irin nasa. Ya san ba haka ya jera su ba. Ɗakin ya yi tsit, ko kukan kaza ba ya ji daga tsakar gida. Sai ya ji murya, irin tasa sak, daga wajen tarin.

“Ai yau ta riga ta lalace. Ƙarasa kwanon, gobe ka fara.”

Ya ƙarasa. Daga ranar kullum muryar tana magana, kullum kuwa gobe take cewa. Bai faɗa wa kowa ba, har matarsa Tabita, ya ma hana ta shiga sharar ɗakin. Mai zaman nan ya yi ta girma har ya tare taga. Ɗakin ya yi duhu, yana warin danyar ƙasa kamar sabon kabari.

Ran nan da hantsi magini ya ji ƙirjinsa ya ɗaure. Ya miƙe zai fita, ƙofa ta buɗe kaɗan ta tsaya. Tubalan sun matso sun tokare ta. Hannunsa yana wucewa, jikinsa ba ya wucewa. A nan ne girman kai ya ƙare, ya kira Tabita da kuka, ya faɗa mata kome.

Tabita ba ta yi masa faɗa ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Baban Keziya, miƙo mini ɗaya.”

Ya ce suna da yawa, ba za su kwasu ba.

“Ban ce duka ba. Ɗaya na ce.”

Ya miƙa. Ta jefa a ramin kwaɓa, ta dawo ta karɓi wani. Haka suka yi ta yi har ƙofar ta buɗe, iska ta shiga, ƙirjinsa ya saki. Tabita ta ce ta kwashe tubali fiye da ɗari. Magini kuwa ya san abin da ya cura da hannunsa cikin wata huɗu bai wuce goma sha tara ba.

Ya ce zai yi kwana uku bai ci kome ba. Ta kawo malmala ɗaya da miyar kuka ta ajiye a gabansa, ta ce ya ci wannan, sa'an nan ta raka shi wurin likita. Ya ci, suka tafi.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Magini shi ne duk wanda yake fama da wani hali, ko na ciki ko na wani abu dabam, ya yi ƙoƙari, ya kuma faɗi. Tubalan su ne laifofin da muke ajiyewa muna kallo maimakon mu kai su gaban Ubangiji. Kwana goma sha tara cikin wata huɗu ba su isa su hallaka mutumin nan ba. Ɓoyewa ce ta kusa hallaka shi, da horon da ba Allah ne ya ɗora masa ba. In ka ba mai zargi, wato mai muryar nan, tubali ɗaya, shi zai kawo sauran daga wurinsa.

Na san akwai waɗanda suka je biki jiya a cikinmu, ina ganin yadda kuke zaune. Abin yana ba ni tausayi, domin ni ma na sha zama haka. Jinƙan Ubangiji bai ƙare tare da tuwon jiya ba. Ka tuba, ka faɗa wa wani mai ƙaunarka, in an tashi ka ci abincin rana daidai misali a gaban mutane. Muryar nan kuwa za ta ce maka ka bari sai gobe. Kada ka amsa mata, gama ba ka san ko gobe ƙofar za ta buɗu ba.