Gangaren Yatsa Huɗu

Maƙwabcina Pak Derus magini ne a garinmu Dungun. Shekara talatin yana daɓen siminti, kuma in ka ajiye ƙwai a kan aikinsa, nan za ka dawo ka same shi. Sai dai mutum ne da ba a gaya masa ya ji.

Da likita ya ce matarsa Mek Yah ta riƙa motsa jiki saboda ciwon sukari, sai ta shiga fikilbol, wasan nan na buga ƙwallon roba a tsallake raga. Pak Derus ya ce shi da kansa zai yi mata fili a bayan gida.

Ranar zuba kankare, ƙanin matar, Sulong, mai aikin magudanar ruwa, ya leƙo.

"Yaya, filin waje ba ɗaki ba ne. Ka ɗaga gefe ɗaya da yatsa huɗu, ruwa ya samu hanya."

"Ni zan yi karkataccen daɓe? Koma ka haƙa kwatarka, Sulong."

Mek Yah ta ce, "Maigida, ka dai duba maganarsa."

"Ke da shi wa ya taɓa riƙe ma'auni?"

Filin ya fito sumul, har ni na yaba. Damina na faɗuwa, ruwa ya kwanta a kai, ya rasa inda zai bi. Kullum sai an share, kuma duk da haka gansakuka ta fara tsirowa a tsakiya.

Wata safiya Mek Yah ta bi ƙwallo da baya, santsi ya kwashe ta. Daga kicin ɗina na ji ƙarar faɗuwar. Ƙashin ƙugu ya karye, ga sukari, ciwo ya ƙi warkewa. Ba ta sake taka ƙasa ba.

Da aka sallamo ta daga asibiti a keken guragu, keken ya kasa hawa dokin ƙofa. Ina kallo Pak Derus ya kwaɓa siminti don ya yi wa keken daɓen hawa, yana share hawaye, wallahi ya ba ni tausayi. Ya juya wajen Sulong, murya ƙasa-ƙasa.

"Yatsa nawa zan karkata shi?"

Wannan ne daɓe mai gangare na farko da ya taɓa yi.

Darasi a nan shi ne, gwaninta a wuri ɗaya ba ta hana ka jahilci a wani. Ka saurari wanda ya san abin da ba ka sani ba, ko ƙaninka ne. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma sau da yawa wanda ka fi so shi yake cutarwa.